Yadda ake miƙa gaɓoɓin yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa a gida, da inda ƙarfin miƙar ya tsaya

"Likita, wanga yaro wata takwas ke nan ina ja mai ƙafa safe da marece, har yau diddige nai bai taɓa ƙasa ba. Ko ni ce ban iya ba?" Wata uwa ce ta yi min wannan tambayar a ɗakin gashi a nan Sakkwato, yaron na goye a bayanta, kakarsa na tsaye riƙe da jaka. Na ce mata, Hajiya, hannunki ba shi da laifi. Miƙa aka ɗora wa kayan da ba za ta iya ɗauka ita kaɗai ba, kuma mu likitocin fisiyo, wato masu gashi da motsa jiki, muna da namu kason, don mun daɗe muna koya wa iyaye jan ƙafa mu sallame su, ba mu gaya musu sauran zancen ba.

Lalurar da nake nufi ita ce wadda asibiti ke kira serebral palsi. A gari wasu kan ce galahanga, kodayake sunan ana laƙaba shi ga lalurori iri-iri. Ba shan-inna ba ce. Shan-inna ƙwayar cuta ce da ke barin ƙafa lagwai-lagwai ta motse. Wannan kuwa rauni ne da ƙwaƙwalwa ta samu tana kan ginuwa, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwa. Idan muka bi tarihi a wajenmu, abin da muka fi ji shi ne doguwar naƙuda da jariri bai yi kuka nan take ba, shawara mai tsanani kafin suna, haihuwar bakwaini, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa. Abin da ke ƙaruwa yana jiki: ƙashi na girma da saurinsa, tsokar da ba ta samun motsi sosai tana baya, har ta zama kamar igiyar da ta yi wa guga kaɗan.

Ɗaurewa daban, ƙagewa daban

Wannan bambancin shi ne tushen komai, don haka ki gwada shi da kanki. Kama hannun yaron ki miƙe gwiwar hannun da ɗan sauri. Za ki ji ya tirje. Ki sake, wannan karon sannu-sannu kamar mai zare ƙaya. Idan ya bi ki har ƙarshe, ɗaurewa ce: tsokar tana da tsawonta, saƙon ƙwaƙwalwa ne ke sa ta fizga duk lokacin da aka ja ta da sauri. Idan kuwa duk lallaɓawarki akwai inda gaɓar ke tsayawa cak, ko da yaron na barci mai nauyi, to ƙagewa ta fara, tsoka da jijiya sun gajarce da gaske.

Mafi yawan yaran nan masu ɗaurewa ne. Amma akwai wanda jikinsa ke murɗawa ba da sonsa ba, an fi ganin irinsa bayan shawarar jarirai, akwai kuma mai jiki sake-sake. Mai jiki sake-sake ba miƙa yake bukata ba, gaɓoɓinsa sun riga sun wuce kima. Shi ya sa mataki na farko ba a gida yake ba. A kai yaro likitan fisiyo ya duba shi, ya nuna wace gaɓa za a taɓa, wace za a bari. Akwai sashen fisiyo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma daga asibitin yankinku za a iya ba ku takardar turawa.

Me miƙa ke yi, tsakani da Allah

A 2017 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara binciken lafiya ta tace, ta haɗa bincike 49 kan miƙa da ƙagewar gaɓa. A masu lalurar ƙwaƙwalwa da laka, yara da manya, ƙarin buɗewar gaɓar da aka samu bai wuce digiri 2 ba a matsakaici, idan an yi miƙar ƙasa da wata bakwai. Ki dubi agogon bango: doguwar allura na gusawa digiri 6 a minti ɗaya. Kashi ɗaya cikin uku na wannan ke nan. Ba ya isa sauke diddige ƙasa.

Tun 1988 wasu likitoci a Faransa, Tardieu da abokan aikinsa, suka auna tsokar sha-raɓa a yara masu wannan lalura dare da rana. Sun ga waɗanda tsokarsu ke zama a miƙe kamar awa 6 a yini ba su ƙara ƙagewa ba, waɗanda tasu ke samun awa 2 kacal kuwa sun ci gaba da ƙagewa. Yaran da aka auna kaɗan ne, amma lissafin ya shiga kai: minti goma da safe, minti goma da yamma, sauran awa ashirin da uku da ɗoriya yaro na dunƙule a kan katifa. Wa zai rinjayi wani?

To a daina ke nan? Ni ban ce ba. Miƙa da hannu na sassauta ɗaurewa na ɗan lokaci, ta sauƙaƙa wanka da tsarki da sa riga da sa takalmi. Tana shirya jiki kafin tsayuwa ko wasa. Uwa-uba, ita ce idonki: uwar da ke motsa gaɓoɓin ɗanta kullum ita ke fara gane ranar da cinya ta rage buɗewa, tun kafin wani likita ya gani. Don waɗannan dalilan za ki yi ta, ki gajarta ta, ki ajiye ƙarfinki don abin da zai zo bayanta.

Shiri

Ki zaɓi lokacin da jikinsa ke da ɗumi kuma hankalinsa kwance, bayan wanka da ruwan ɗumi shi ya fi. Da hunturu kada ki tashe shi da asuba ki tuɓe shi, sanyi na ƙara ɗaure tsoka. Ki bari hantsi ya dubi ɗaki. Da bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, safiya ko bayan magariba. Kada ya zama yanzu ya gama cin abinci, da yawansu na fama da tumbiɗi, a ba shi kamar awa guda.

Tabarma da bargo a ƙasa sun fi katifa mai laushi. Idan kina son shafa masa man kaɗe ki murza jikin, babu laifi, amma ki goge hannunki kafin miƙa, don hannu mai santsi matsewa yake sa mutum yi. Gashi da ruwan zafi ko tsumma mai tururi kuwa a bar shi. Yaron da ba ya magana ba zai ce miki ya ƙone ba.

Ranar da yake zazzaɓi, ko ya yi jijjiga, ko gaɓa ta kumbura ta yi zafi, ko an yi masa aiki kwanan nan, babu miƙa.

Ƙa'idar riƙo ɗaya ce a ko'ina. Hannu ɗaya sama da gaɓar ya tsare, ɗayan ƙasa da ita ya motsa. Ki tafi a hankali har inda kika ji turjiya, ki tsaya nan, ki riƙe daƙiƙa 30 zuwa 60. Ba sai da agogo ba, tasbihi 33 a natse ya kai ki. Ki saki a hankali, ki maimaita sau uku zuwa biyar. Banda lilo, wato ja-saki ja-saki, wannan tsokanar tsoka ne, ƙara ɗaurewa take yi. Fuskarsa za ki kalla fiye da ƙafarsa. Ɗan ƙunƙuni na rashin son a taɓa shi daban, yamutse fuska da riƙe numfashi da kukan ciwo daban. Idan na biyun ne kin wuce iyaka, ki dawo baya.

Kakanni kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A fara da wuri, na yarda. Amma ƙashin yaron da ba ya taka ƙasa ba ɗanyen icce ba ne, ya fi kusa da busasshen kara, balle idan ya daɗe yana shan maganin farfaɗiya ko abinci bai ishe shi ba. Na ga yaron da aka kai wa wani mai ɗori ya danne masa gwiwa don ta miƙe lokaci guda, aka dawo da shi da karaya a saman gwiwar. Ba wanda zai miƙe ƙagaggiyar gaɓa da ƙarfi a zama ɗaya.

Agara da diddige

Nan aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai. Kwantar da shi rigingine. Lanƙwasa gwiwar tukuna, domin ɗaya daga tsokokin sha-raɓa ta haye bayan gwiwa, idan gwiwa ta lanƙwashe sai ta saki. Sa diddigensa cikin tafin hannunki kamar kin tallabo ƙwai, tafin ƙafarsa ya jingina a damtsenki. Ɗaya hannun ya riƙe ƙwauri. Yanzu ki jawo diddigen ƙasa, ki bar damtsenki ya tura tafin ƙafar sama wajen ƙwauri. Da kin kai iyaka, ki riƙe ƙafar a yadda take, sannan ki miƙe gwiwar a hankali. Za ki ji ƙafar na son komawa. Inda kuka daidaita, nan za ki ƙirga.

Abin da iyaye da yawa ke yi shi ne su kama yatsu su tura sama. Ƙafar za ta yi kamar ta bi, amma agara ba ta motsa ba, tsakiyar tafin ƙafa ne ya karye ya ba da hanya. Idan aka shekara ana haka sai a sami ƙafa mai tudu a tsakiya, diddige kuma yana sama yadda yake. Ki lura kuma diddigen ya tsaya saitin ƙwauri, kada ya kauce ciki ko waje. Idan ƙafar ta fara kaɗawa da kanta kar-kar-kar, kada ki firgita, ba jijjiga ba ce. Ki ɗan sassauta, ki riƙe ba motsi, za ta lafa.

Bayan cinya, cikin cinya, gaban ƙugu

Yana nan rigingine, ɗaga cinya ɗaya ta miƙe tsaye, gwiwa a lanƙwashe. Riƙe cinyar da hannu ɗaya, ɗayan a bayan idon sawu, ki ɗaga ƙwaurin sama har ki ji turjiya. Ɗaya ƙafar ta zauna a ƙasa; idan tana biyowa sama, wani ya dafa ta. Kada a danna ƙoƙon gwiwa.

Ga yaron da ƙafafunsa ke harɗewa kamar almakashi, kada ki kama idon sawu ki ce za ki raba su, ƙara maƙalewa zai yi. Naɗe ƙugu da gwiwoyi tukuna zuwa wajen ciki, ki ɗan jijjiga shi hagu da dama a hankali har ki ji ya saki, sannan ki sa hannuwanki a cikin cinyoyin kusa da gwiwa ki buɗe su kamar mai buɗe littafi. Wannan gaɓar ba a yi mata dole ko kaɗan, zan faɗi dalili a gaba.

Gaban ƙugu ba ya bukatar dabara: rub da ciki, ki dafa ɗuwawunsa ya kwanta ƙasa.

Hannu

Dunƙulallen hannu ba daga yatsu ake fara buɗe shi ba. Fara daga kafaɗa: ɗaga damtsen gaba da sama, ki juya shi waje. Miƙe gwiwar hannu. Juya tafin ya kalli sama kamar mai addu'a. Sannan ki kama babban yatsa daga gindinsa, ba daga kansa ba, ki fito da shi daga cikin tafin. Sau da yawa da ya fita sauran yatsun kan saki da kansu. Ki ɗaga wuyan hannun baya kaɗan, ki riƙe. Tun da ya buɗe, ki wanke cikin tafin ki tsane shi sarai, don gumi na taruwa a nan fata ta saɓule. In da hali ki kifa tafin a tabarma ya dogara nauyinsa a kai.

Duka wannan bai kamata ya ci miki fiye da minti 15 ba, kuma ba kowace gaɓa kowane yaro ke bukata ba.

Sauran awowin yini

Ga inda aikin yake. Tambayar da za ki riƙa yi wa kanki ita ce: a wane zama ko kwanciya yaron nan ya fi daɗewa yau?

Goyo alheri ne da muke da shi ba mu sani ba. Yaron da aka goya ƙafafunsa a ware suke, ƙugu da gwiwa a lanƙwashe, kishiyar almakashin nan ke nan. Ki tabbata dai kansa na da tallafi idan wuyansa bai tsaya ba. Idan za a ɗauke shi, a ɗora shi a kwankwaso ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, kada a rungumo shi a sanƙare kamar itace.

Zaman da mata ke yi a tabarma suna tsintar shinkafa, ƙafafu a miƙe, miƙa ce ta bayan cinya. Jingina shi da bango ko a tsakanin ƙafafunki ya yi irinsa, ki ajiye abin wasa a gabansa ya riƙa miƙo hannu. Zaman harɗe irin na makarantar allo na buɗe cinyoyi. Wanda za a rage shi ne zaman da yaro ke durƙusawa ya baza ƙafafu baya ta gefe-gefe, ɗuwawu a ƙasa tsakaninsu. Yana jin daɗinsa don ba ya faɗuwa, saboda haka tsawa ba za ta hana shi ba. Ki samo masa kujera 'yar tsugunno da ƙafarsa ke taka ƙasa sosai. Rub da ciki kullum, da matashi ƙarƙashin ƙirji, yana farke kuma wani na kallonsa, a fara da minti 5 a riƙa ƙarawa. Wajen barci, kwanciyar gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, a riƙa sauya gefen.

Sai tsayuwa. Yaron da ya wuce shekara ɗaya bai tsaya ba, a tambayi likitan fisiyo batun katakon tsayuwa. Kafinta na unguwa zai iya haɗa shi idan likita ya ba da awo: allon da ke tare gwiwa da ƙugu da ƙirji, da ɗan tebur a gaba. A tsaye nauyin jikinsa ne ke miƙa agara da gwiwa da ƙugu lokaci guda, ƙashi na samun ƙwari, bayan gida na sauƙaƙa. A fara da minti 10, a gina har minti 45 zuwa awa 1 a rana. A tsayar da shi inda ake hira da girki da wasa, kada a kai shi lungu ya ga kamar horo ne.

Takalmin roba da ake zubawa daidai ƙafar yaro shi ke riƙe idon sawu na awowi, aikin da hannunki ba zai iya ba. Da zafinmu sai an kula: doguwar safa ta auduga a ciki, a cire a duba fata, musamman diddige da ƙashin idon sawu. Jan tabon da ya wuce minti 30 bai baje ba yana nufin takalmin na bukatar gyara. Kuma ba a gadon na wani yaro, ko da tsawonsu ɗaya.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne motsin da yaron ya yi da kansa, don tsokar da ke aiki ita ke girma. Mai iya tsayuwa, sa shi tsugunno ya ɗauko abu ya miƙe. Ya tura kujera a tsakar gida, ya hau ɗan tudun yashi, ya taka dakali. Mai raunin hannu ɗaya a ba shi aikin da sai da hannu biyu: riƙe ƙwarya, tafi, buɗe murfin roba, wasa da ruwa a baho. Na sani sauri kan sa uwa ta yi masa komai, ga girki ga sauran yara. A nan ne maigida da yayye ya kamata su shigo. Tsayar da yaro a katako bayan la'asar ba sai uwa ba, kuma bayanta ma na bukatar hutu, yaron kullum ƙara nauyi yake.

Ƙugu: abin da hannu ba ya gani

Kan ƙashin cinya na iya zamewa daga gurbinsa a hankali cikin shekaru, ba ciwo da farko. Kusan ɗaya cikin uku na yaran nan kan samu wannan, kuma haɗarin na bin tafiya: mai tafiya da kansa da wuya, wanda ba ya iya zama sai an tare shi kuwa mafi yawansu. Miƙa ba ta hana shi, ba ta mayar da shi, kuma buɗe cinya da ƙarfi a kan ƙugun da ya zame azaba ce kawai. Hoton ƙashi ne ke nuna shi. A kudancin Suwidin sun fara ɗaukar hoton ƙugun yaran nan a kai a kai tun 1994, suna yin aiki da wuri idan sun ga ya fara gusawa, har gocewar ƙugu gaba ɗaya ta zama abin da ba kasafai suke gani ba. Don haka idan ɗanki ya kai shekara 2 ba ya tafiya, ki nemi a ɗauki hoton ƙugu ko da ba wanda ya ambata miki, ki kuma tambayi yaushe za a sake.

Idan gaɓa ta riga ta ƙage, akwai matakan da suka wuce gida. Ga idon sawu ana sa siminti irin na karaya a jere, a canja duk sati ɗaya ko biyu ana ƙara ɗaga ƙafar kaɗan-kaɗan. Wannan na cikin hanyoyin da aka ga suna ƙara buɗewar gaɓar, sai dai dole takalmi da motsa jiki su biyo baya, in ba haka ba ta koma. Allurar Botox na sassauta ɗaurewa na 'yan watanni, ba ta ƙara wa gajeriyar jijiya tsawo. Akwai maganin sha irin baklofen, wanda likita ne kawai ke ɗorawa kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Akwai kuma tiyatar ƙara tsawon jijiya idan lokacinta ya yi.

Ajiye shaida

Ido na yaudara idan kullum kina tare da yaro. Duk farkon wata ki ɗauki hoto da waya daga gefe, a wuri ɗaya, lokacin da kika kai agara iyakarta, haka ma bayan cinya. Ga cinyoyi, ki auna tazarar gwiwa da gwiwa da tef ɗin tela ki rubuta a littafi. Idan awon bai ƙaru ba amma bai ragu ba alhali yaron ya ƙara tsawo, aikinki na ci. Idan ya ragu wata biyu a jere, ki tafi da littafin asibiti, kada ki jira ranar da aka ba ki. Kukan ciwo wajen tsarki ko sa wando, ƙafa ɗaya da ta fara fin ɗaya tsawo, baya da ya fara karkata gefe, su ma na komawa asibiti ne. Kumburi a cinya ko gwiwa bayan miƙa, da yaro ya ƙi a taɓa wurin, wannan na ranar ne: kada a murza, kada a ja, a ɗauke shi yadda yake a je a ɗauki hoto.